Littafin Yaya Shaima a Ɗakin Tattabaru

Lahadi, 6 Oktoba
Ƙanwata Basant ta dawo daga makaranta da aikin Malama Nirmin: insha'in Turanci a kan wani ɗan gida. Dokar matar nan ba ta canja ba. Kafin a miƙa, sai an karanta wa wani a gida da ƙarfi, ya saurara, ya sa hannu. Na ce ta karanta wa jakin Ammu Girgis, ya fi ni Turanci. Ta jefe ni da silifa.

Aikin da aka ba Yaya Shaima ke nan bara.

Litinin, 7
Baran nan Yaya ta bi ni kwana uku in saurari nata. "Hamada, zauna, minti biyar kawai." Na sace littafinta na cusa a bayan kwandon tattabaru a saman soro, don in ga yadda za ta yi. Na ce ranar Alhamis zan mayar. Laraba motar da take ciki ta kife a hanyar Sohag, ta rasu.

Ban taɓa gaya wa kowa ba.

Laraba, 9
Na hau soro ba tattabaru hatsi da hantsi. Takarda na motsi a bayan kwandon, kuma babu iska. Na sauko ban rufe ƙofa ba.

Alhamis, 10
Na so ƙona littafin. Amma Shehinmu na allo ya ce ba a wulaƙanta rubutu, ba ka san inda sunan Allah yake ba. Ni kuwa wannan tsutsar rubutun, ta ina zan sani?

Asabar, 12
Basant wajen cin wake: "Umma ta ce kanta na ciwo, Baba yana gona. Kai kaɗai ka rage, sarkin shaƙiyyai." Muryarta sak ta Yaya. Na ajiye burodin.

Talata, 15
Na sauko da littafin Yaya, duk kashin tattabaru. Basant ta dube ni, ta karɓa. Ta karanta, tana fassara mini. Yaya ta rubuta wai ƙanena ya sa min gishiri a shayi, amma shi ke jirana a bakin titi idan an tashi daga makaranta, yana yi kamar wucewa yake. Ashe ta sani.

Sannan Basant ta karanta nata. Ban yi dariya ba, mura ce ta dame ni.

Na sa hannu a duka biyun.