Wace Baiwa Mijina Yake Nufi?

Salama gare ku 'yan zauren nan. Admin, a ɓoye sunana. Don Allah ku ba ni shawara, amma ku fara ba ni amsar abin da ya hana ni sakewa wata goma sha ɗaya: da mijina ya kira ni baiwa yana bakin mutuwa, wace baiwa yake nufi? Baiwar da Allah ke yi wa mutum kyauta, ko baiwar da ake saye a kasuwa?

Ni tsohuwa ce, ban yi karatu ba, maƙwabciyata ta Zumuntar Mata ce ke rubuta abin da nake faɗa. Ita ce ma ta gaya mini wai a rubuce kalmomin nan biyu ba su da bambanci, harufansu ɗaya. A baki kowa ya san murya ce ke raba su, to amma mai cutar ajali muryarsa a kwance take, ba ta hawa ba ta sauka. Mu biyu ne a kansa ranar, ni da ɗiyata ta fari, da hantsi, an gama shafe masa jiki. Ni na ji kyauta. Ita ta ji bauta. Tun daga ranar ba mu ƙara cin abinci a kwano ɗaya ba.

Bari in koma baya don ku gane. Zamanin Turawa aka kawo ni Jega amarya. Maigidana mutumin wajen Zuru ne, ya yi karatun mishan, yana awon fata da ƙiraga a wani kantin Turawa. Lokacin ba majami'a a garin, Kiristocin ba mu kai goma ba, yawanci baƙi ne masu aikin kanti, a zauren gidanmu ake sujada ran Lahadi. Ni ke share zauren, ni ke shimfiɗa tabarmi, ni ke dafa abin da za a ci in an tashi. Maƙwabtana duk Musulmi ne, matan kulle, ta kan katanga muke miƙa wa juna wuta da daddawa. Suna yi mini ba'a suna cewa ga Kirista mai kulle, don ba su ganin na fita sai rijiya da kasuwa. Ba wanda ya kulle ni. Yara ne suka yi ta zuwa, bakwai na haifa, biyar suka rayu.

Abin da ɗiyar tawa ta riƙe shi ne wannan. Tana goye a bayana, ba ta kai shekara ba, wata Baturiyar mishan ta biyo ta garin ta kwana biyu wurinmu. Ta ga yadda na karɓi haihuwar wata maƙwabciya, ta ce hannuna na ungozoma ne, in biyo ta a koya mini aikin da karatu, shekara biyu, can nesa, yarinyar a bar ta wurin dangi. Na ce ba ni zuwa. Da bakina na faɗa. Amma tunda ba ku san ni ba zan gaya muku abin da ban taɓa gaya wa kowa ba: maigidan bai hana ni ba, ya ce in yi yadda na gani, sai dai kwana biyun nan bai taɓa tuwon da na ajiye masa ba. Na ga kwanon, na fahimta.

Ba zan yi ƙarya ba, na yi shekara biyu da ɗaci a rai. In na ga mota ta ɗauki hanyar Birnin Kebbi sai in tsaya da taɓarya a hannu. Ana haka innata ta zo ganin jikoki, ta same ni ina daka ina tsaki. Ita innata baiwa ce ta gaske. An kamo ta tana ƙarama, ba ta ma san sunan garinsu ba, aka sayar da ita a kasuwar Jega ɗin nan, aka kai ta wani gida wajen Jiga Birni. Ko da Turawa suka zo aka hana sayar da mutum, sai da ta ƙara shekaru a gidan kafin alƙali ya ba ta takardar 'yanci. Ta zauna ta dube ni ta ce, ita ta yi daka shekara da shekaru ba ta taɓa sa hannu a tuwon ba sai ƙanzo, ta goya 'ya'yan da ba nata ba har bayanta ya yi kanta, ran da suka girma suka aike ta kamar ba su san bayan ba. Ta ce, "Ke wa kike goyo? Wa zai ci wannan geron? To tsakin na mene ne?"

Daga ranar na canza yadda nake daka. Kowace taɓarya in ta sauka sai in ambaci sunan ɗa ɗaya a gaban Ubangiji, in na zagaye su in sa ubansu, in koma farko. Ban iya karanta Littafi ba, maigidan ke karanta mana da safe, ni kuwa turmina ne wurin addu'ata. A nan na roƙa wa wanda ƙyanda ta kama, a nan na yi kukan biyun da suka tafi, a nan na gode da aka ce ɗiyar nan ta ci jarrabawa. Aka mai da maigidan Maiyama, muka yi zaman Andarai, ya bar aikin kanti ya kama noman albasa da mutanen Aliero, duk inda muka je da turmin nan na je. Na sami kwanciyar rai wadda ban san yadda zan kwatanta muku ba. Na san abin da aka sa ni in yi a duniya, na kuma yi shi da hannu biyu.

Yanzu wannan da na ƙi bari wurin dangi, ita ce ta tashi tana cewa an kashe mini rayuwa. Nas ce, ta yi ritaya tana cin fansho, ta ga kanta ta isa. Saura mako uku a yi addu'ar cikar shekara ɗaya da rasuwar ubanta, ita aka ba rubuta tarihinsa, za a buga a raba, ita kuma za ta karanta a gaban ikilisiya. Ƙanenta ya karanta mini abin da ta rubuta. Wai mahaifinsu mutumin kirki ne amma ɗan zamaninsa ne, ya tsare uwarsu a gida ya hana ta ilimi, kuma kafin ya cika ya amsa laifinsa da bakinsa, ya ce ya mai da ita baiwa. Wai ta sa wannan ne don jikokina mata su ji, kada wata ta yi irin zamana.

Na kira ta na ce ta cire. Ta ce, Inna, wannan gaskiya ce, gaskiya ba a cire ta. Na ce ubanki kyauta ya ce. Ta yi dariya, wai ni ko mari aka yi mini sai in ce albarka ce, haka aka horar da ni. Na ce mata kin taɓa ganin baiwa? Ni baiwa ta haife ni, na ga tabon igiya a ƙafarta, kada ki ƙara ɗaukar sunan nan ki liƙa mini don kin yi boko. Na tambaye ta, shekarun da take aikin asibiti, wa ya riƙe mata 'ya'yanta uku? Wa ya yaye su? A bayan wa suka yi barci tana can tana karɓar haihuwar 'ya'yan wasu ana ce mata sista? Ta ce ai shi ke nan, har ita ma ta ci moriyar bautar tawa, shi ya sa take son ta faɗa. Kun ji fa. Duk abin da na ce sai ta juya shi ya zama hujjarta. Na ce mata in ta karanta takardar nan a gaban mutane, zan tashi tsaye da sandata in ƙaryata ta, kuma kada ta zo kan gawata. Ta ɗauki jakarta ta fita, ba ta ƙara kira ba.

Fasto ya zo ya ce mu yafe wa juna. Ban ƙi ba, amma yafiya ba ta goge abin da aka buga a takarda. Za a ajiye ta a akwatuna, jikan jikana ya buɗe ya karanta cewa kakarsa ta yi shekara saba'in tana bauta ba ta sani ba. Duk taɓaryar da na sauke da sunansu ta zama aikin wawiya. Shi kuma maigidan da ba ya nan balle ya kare kansa a tsayar da shi a gaban ikilisiyar da aka fara a zaurensa a ce azzalumi ne. Ina fushi da ɗiyar nan fushin da ban taɓa yi da ɗan Adam ba, in na durƙusa addu'a sunanta ya zo sai bakina ya yi nauyi, wannan ma yana ba ni tsoro, ga ni kusa da kabari.

Ga abin da ya kawo ni wurinku. Ita rabin maganar ta ji. Da ya faɗi kalmar sai ta juya ta fita tana kuka, ni na sunkuya na kai kunne, ya ƙarasa. Ban gaya wa kowa ƙarshen ba, don ni kaina in na juya shi ta nan sai in ga nawa ne, in na juya ta can sai in tuna kwanon tuwon nan da bai taɓa ba, in ga nata ne. Ko ma mene ne ya nufa, zaman da na yi ni na san daɗinsa, ba mai ƙwace mini shi. Amma ina so in san da me mutumin nan ya tafi a ransa.

To ku gaya mini. In tashi a majami'a in ƙaryata ɗiyata a gaban jama'a? In zauna gida in bar ta ta karanta? Ko in kira ta in ba ta sauran maganar, alhali ina tsoron makami zan miƙa mata? Masu karatu a cikinku, ku duba mini da kyau, ga yadda ya faɗa, ban ƙara ba ban rage ba. Ya riƙe yatsana ya ce:

"Uwar gida, ke baiwa ce a gidana, ban kuwa biya komai ba."