Gawon da igiyar gado ta ratsa

Baba,

Assalamu alaikum. Allah ya kai haske kabarinka. Na san ba za ka karanta wannan ba, ko da kana raye ma sai an karanta maka, amma in ban faɗa ba zuciyata za ta fashe.

An raba gonarka da ke kan hanyar garin Gazawa. Da igiya aka auna, Yaya Idi ya samu kashi biyu, ni ɗaya, na karɓa. Amma ƙasa kaɗai aka auna, Baba. Ba wanda ya ɗaga kai ya dubi gawonka bakwai. Shida suka faɗa wajen Yaya, na bakwai kuma igiya ta bi ta tsakiyar gindinsa.

Tun da aka yi taron ƙasa a Yamai, ma'aikatan gandun daji suka daina zuwa. Yanzu kowa da gatarinsa, wai dimokuraɗiyya ta zo. Yaya ya sare shidan cikin sati guda, ya kafa wa jam'iyyarsu rumfa, sauran ya loda wa masu itacen Maraɗi. Rumfa fa, Baba! Icen da ka fara ɗaura wa tsumma tun yana toho don kada masu noma su sare shi, shi ne yau 'yan siyasa ke shan shayi a ƙarƙashinsa.

Bana Fulani ba su sauka wajensa ba. Me shanu za su ci, tunda babu 'ya'yan gawo? Ba shanu, ba taki. Iska ta binne masa shuka sau uku. Ni hatsina na gindin na bakwai ya fi ni tsawo. Ya gani da idonsa, amma wai inuwar ce ke cutar gefensa, ranar Asabar zai sare shi.

Kai ma ina fushi da kai. Wata biyu kana kwance, ka yi wasiyyar jaki, ka yi ta rumbu, me ya hana ka ce uffan a kan itatuwan? Ka zaci mun fahimta? Ba mu fahimta ba. Ni kaina, da 'yan lakol, makarantarmu ta boko, ke ce mini 'yar ƙazamin manomi, kunyarka nake ji. Tsummokaran da kake cewa awaki ne ke cirewa, ni ce, Baba. Da ban cire ba, da gawonka ya fi bakwai. Ka yafe mini.

Na je wajen maigari, ya ce magana ce ta cikin gida. To, shi ke nan. Jiya na ɗauko rawaninka, na ɗaura wa gawon a ƙugu, na ƙulle tam. Ranar Asabar can zan wuni. In Yaya zai sa gatari, wallahi sai ya fara kwance rawaninka da hannunsa, ina kallonsa.

Ka huta lafiya. Allah ya sada mu.

'Yarka mai taurin kai,
Rabi