Kariya da Tumfafiya a Durowa Ɗaya

Ya sanyin idona, inuwata da tsakar rana, safiyona mai auna hanyoyi,

Daga ɗakinmu na adana busassun tsirrai nake rubuto maka, yatsuna duk gam, kunya kuma ta hana ni sakat.

Ka tuna ranar da muka tsaya bakin sabon titin da kake aunawa, ka ce in aure ka, in bi ka duk inda aiki ya kai ka? Na nuna maka tumfafiya na ce kai ke nan: bakin hanya, kufai, juji, duk inda iska ta yar da irinta nan ne gida. Ni kuwa kariya ce, 'yar cikin duwatsu, mai ɓoye ruwanta a gindi, mai jan fure da rani, ba ta san yawo ba. Na ce ba jinsinmu ɗaya ba. Ka naɗe igiyar awonka, ka juya ka tafi. Wayyo, wannan tafiyar! Har yau tana cina.

To, jiya shugabarmu ta tarar na raba busassun kariya da tumfafiya durowa biyu. Ta zare tabarau, ta ce mai manna tsirrai ta riƙa tambaya kafin ta raba zumunta. Ashe dangi ɗaya ne! Furensu kunne biyar-biyar, ruwan jikinsu dafi, irinsu kuma duka gashi gare shi, iska ke ɗauka. Ta shimfiɗa min taswira, sai ga kariyar da na rantse ba ta motsi, ɗigo-ɗigo har hayin teku. Wa zai gaya mata dalilin da ya sa na fashe da kuka a kan taswira? Yayata ta sha faɗa min girman kai rawanin tsiya ne. Tsoro ne, masoyina, shi na yi wa ado da fure.

Ina sonka, so mai hana cin abinci. An ce reshen kariya, in aka yanka aka bar shi ya sha iska kwana uku, yakan kama ƙasa ko'ina. Na yanki ɗaya yau Laraba, yana kan tagata. Motar da za ta kai ku sabon wurin aiki kuma Asabar za ta tashi. Kai ne gwanin awo, ƙirga mana! Ka turo manyanka wajen Baba, ka taho da tukunyar shuka.

Taka, a kan dutse ko a bakin titi, har ƙasa ta rufe idona,
Kariyarka