Kushin ɗin Kawu

Talata da dare, Gwandu

Bayana kamar an daka sakwara. Tun da Hauwa ta dawo daga hutu a Kalgo ba ta da zance sai kushin ɗin kawunta: "Baba, nasu ƙamshi yake, namu kuwa warin miyar kuka." Ɗiyar cikina fa! Ƙanen uwarta ya yi digiri, ni na tsaya aji uku, yanzu har kujerarsa ta fi tawa ilimi.

Da hantsi na ja doguwar kujera tsakar gida na yi mata wankan ragon layya: bokiti, garin sabulu, soso. Uwar Hauwa na bakin madafa tana cewa, "Malam, ba a jiƙa ta! Kakkaɓe ƙura ake, a goga da tsumma mai ɗan danshi da maganin kashe ƙwayoyin cuta, a shanya." Na ce ita ma 'yar Kalgo ce, dole ta kare gida.

Soson ciki ya sha ruwa ya ƙoshi. Hadari ya taso, muka kasa ɗaga ta, sama ta yi mata ɗauraya. Yanzu warin jiƙaƙƙen bunsuru take.

Bayan Isha'i muna kan tabarma, na tambayi Hauwa, kamar ban damu ba, ko kujerar Kawu da laushi. Ta ce ba ta sani ba, ba a barin yara su hau, daga ƙasa suke shaƙa. Sai ta ce, "Baba, yaushe tamu za ta bushe? Can nake kwanciya in jira ka dawo."

Na ce jibi. Allah ya sa.

Duk da haka sai na san turaren da mutumin nan ke fesawa.