Zaren Ulun Inna Latifa

Sparkbrook, Birmingham
9 ga Afrilu

Kawu Bara'u,

Assalamu alaikum. Ina fata kana lafiya, da Inna Latifa da mutanen Levenshulme. Yaya ciwon gwiwar?

Kawu, tsohuwar motar tseren nan ta shekarun 1960 da ɗalibaina na college suke farfaɗowa ta ba mu kunya. An ƙera irinta ne don ta wuni ta kwana tana gudu, amma tamu minti arba'in kawai birkin baya ya fara hayaƙi. Ɗalibata Inaya ce ta zana ƙofar iskar da ke sanyaya shi, kwamfuta kuma ta ce zanen daidai ne. Yarinyar ta yanke cewa ita ce ba ta iya ba. Ta cike takardar barin kwas, za ta miƙa ƙarshen wata.

Cikin su goma sha huɗu, ita kaɗai ke gane ciwon inji da kunne, kamar kai. Shekara talatin ka yi kan motoci. Ka taimake ni.

'Yarka,
Batulu

23 ga Afrilu

Kawu,

Bayan gaisuwa da fatan gwiwa ta yi sauƙi, saƙonka ya iso: dunƙulen jan zaren ulu, salatif, da layi ɗaya cewa in tambayi iskar da kanta, haka maƙeran farko suke yi. Sai da na yi dariya.

Mun yanka zaren tsawon yatsa, muka manna fiye da sittin a gefen motar. Na tuƙa a filin gwaji, Inaya na ɗaukar bidiyo daga wata motar. Duk zaren ya kwanta baya, sai na bakin ƙofar iskar, yana ta rawa, wani har yana kallon gaba. Iska ba ta shiga. Babban madubin gefe ne ke karkatar da ita, kuma ni na ɗaura shi da hannuna bayan Inaya ta gama zane. A gaban aji na faɗi laifina.

Mun matsar da madubin. Awa uku motar tana gudu, birki ko gezau.

Takardar kuwa, jiya na same ta a teburina, a kife. A bayanta Inaya ta zana sabon mariƙin madubin.

Allah Ya saka da alheri, Kawu. Ka ba Inna haƙuri, na ji ashe daga rigar sanyin da take saƙa maka ka ɗauko zaren. Hannun rigar ɗaya zai jira.

'Yarka mai godiya,
Batulu