Kwalbar da Inna Take Jira

Yaya,

Gaisuwa mai yawa. Ya jikin Inna? Tana iya cin abinci kuwa? Ni lafiya lau, sai dai yatsuna da sanyin firiza ya faffasa, wannan kuma ba komai.

Kin ce Inna ta daina zuwa asibiti, wai tana jiran in aiko mata kwalba daga wurin aikinmu, tunda kan ciwon daji muke aiki. Laifina ne, ni na turo hoto da farar riga har kuka sa mini Likita. Yaya, aikina cika kwalabe ne. Furotin irin na jikin mutum ake sa ƙwayoyin halitta su yi, masu bincike su gwada a kan ɓeraye. Ba magani ba ne. Kowace kwalba an rubuta mata "ba don mutum ba", kuma ni nake manna takardar da hannuna.

Jiya na riƙe ɗaya ina kallo ina tunanin Inna, har ta yi ɗumi ta lalace.

Don Allah ki mayar da ita asibiti gobe, ko tana kuka. Ki gaya mata 'yarta ba likita ba ce.

Allah ya ba ta lafiya.

Ƙanwarki