Amyata a Tsamiyar Laraba

Zuwa ga ƙanena Halliru, a Goronyo.

Assalamu alaikum. Ina gaishe ka gaisuwar zumunci, da fatan kai da Tani da yara kuna lahiya, albasa kuma ta yi kyau bana. Mu nan Wurno sai godiya, in ban da gwiwa. Ɗiyata Kausar ke rubutawa, na kuwa hana ta gyara mani magana.

Halliru, ƙudan zumana sun gudu. Amyar da na rataya a babbar tsamiyar Kurmin Laraba, a reshen da baba ya bar mani, wofi take tun bara. Ba nisa sunka yi ba. Iccen marken Almustapha sunka koma, Almustaphan da ni na koya ma hawan icce da igiya. Amyoyinai duk sun cika, ƙuginsu har bakin hanya. Ka san dokar kaka Laraba: amyar da ta zauna wofi har shuka biyu, mai ita shi sauke ta, reshen shi koma ga wanda ƙudan zumanai sunka yi yawa. Shuka ɗaya ta wuce.

Kurmin ma ba ka gane shi yanzu. Gidajen bulo sun kewaye shi, har mata na shanya a ƙayar gefe. Jan biri da burtu sun ƙaura tun da anka kawo injin niƙa. Amma damo na nan, da kurege, da zabin dawa, jemagu kuma sun cika kanya. Ba a sa gatari ga ɗanyen icce a ciki, ba a taɓa sheƙar tsuntsu, shi ya sa ya kawo yau. Wa ya tsaya da taɓarya ya kori masu gawayi? Kakarmu. To amma in malamar firamare ta kawo yara kallon itatuwa, wa ake kira? Almustapha. Shi sa farar riga, shi yi ta nuni da sanda sai ka ce shi ya dasa kukar. Ni ina gefe kamar baƙo.

Ka aiko mani da kakin zuma mai kyau daga kasuwarku in shafe amyar. Na nan duk ta hannun Almustapha yake biyowa, ni kuwa ba ni taɓa shi.

Ka gaida gida. Yayanka, Shittu.

Zuwa ga ƙanena Halliru.

Bayan sallama, ina fatan zazzaɓin Tani ya sauka, kai ma kana cikin ƙoshin lahiya. Kaki ya iso, Allah shi saka.

Na hau da gwiwar nan tawa na shafe amyar, na turara ta, na sauko ina jira. Ko ƙuda guda bai leƙa ba. Ruwan shuka ya sauka. Dattawan unguwa sunka taru ƙarƙashin tsamiya, Almustapha ya zo da sabuwar amya a kafaɗa, yana ta ba ni haƙuri a gaban mutane. Haƙurin nan ya fi komi ci mani rai. Na ce ba ni sauke ta da hannuna, mai so shi hau.

Ya hau, Halliru, yana kaiwa sai ya tsaya cak. Ashe cilakowa ce ta shiga amyar ta yi ƙwai, ta liƙe bakin da laka, sai 'yar tsaga da bakinta ke leƙowa. Muna tsaye namijin ya zo da fara ya miƙa mata. Liman ya ce dokar da ta ba Almustapha reshe ita ta hana taɓa sheƙa, don haka amya na nan sai tsuntsaye sun tashi, maganar reshe kuma sai baɗi. Almustapha ya sauko da kayanai. Rabon da in ji daɗi haka tun auren Kausar.

Amma ka ji mi ya biyo baya. Labari ya kai makaranta, yara sunka dawo kallon cilakowa, sai ga Almustapha da farar rigar nan ƙarƙashin tsamiyata, yana bayani kamar shi ya gayyato ta. Saboda haka yanzu da na gama karin kumallo nake kai tabarmata gindin iccen. Duk mai son ganin tsuntsuwa sai ya fara gaishe ni, kuma sai ya ji sunan Laraba. Gona ta ɗan yi ciyawa, ba komi.

Jiya Almustapha ya aiko mani da zuma cikin kwano. Kausar ta ɗauka zan mayar. Ban mayar ba, na shanye, na kuma hana ta kai godiya. Ƙudana sunka yi ta.

A gaida Tani da jiki. Yayanka, Shittu.